Daga Majigi Zuwa Gem: Abin da Tarihi Ya Koya Mana Kafin Mu Kai Gasar Wasan Bidiyo Makarantun Roni

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba.

Maganar yau a kan gem take. Duk wanda ya taso a Roni, ko Kazaure, ko Gwiwa, ko Babura ya san shagon gem: benci biyu, talabijin, janareta yana ƙara a baya, yara sun cika ɗaki ana jiran layi. Kuma ya san irin kallon da iyayenmu suke yi wa wurin. To yanzu ga wasu daga cikinmu matasa suna tunanin a shigar da wannan wasa cikin makarantun sakandare, a yi masa ƙungiya da malami mai kula, a riƙa gasa tsakanin makaranta da makaranta kamar yadda ake yin ƙwallo da kacici-kacici. Samun na'ura ba shi ne abin da ya fi wuya ba, a ganina. Abin da ya fi wuya shi ne uba ya yarda, liman ya yarda, shugaban makaranta ya sa hannu da zuciya ɗaya. Ƙasar Hausa ta sha karɓar baƙon wasa, ta kuma sha korar wani. Bari mu bi tarihin mu ga me ya raba su.

Mu fara da Katsina. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A cikin shekarun 1920 ɗin ne wani malamin makaranta Bature, S. J. Hogben, ya kawo wasan Fives Arewa. Wasa ne na makarantar Eton ta Ingila, ana dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Babu abin da ya haɗa shi da al'adarmu. Amma ya zauna daram, har aka sauya masa ƙwallo aka koma amfani da ta tanis don ta dace da irin bangonmu. Sardauna ya riƙe wasan har girmansa, yana Firimiya yana bugawa, kuma har gobe ana buga shi a Katsina. Haka ƙwallon dawaki, wato Polo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya rungume ta, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwani a cikinta, yau kuma mutum zai rantse gadonmu ce tun kaka da kakanni.

Me ya sa waɗannan ba su sha jifa ba? Ku lura da yadda suka shigo. Da rana ake yi, a fili, kowa yana gani. Akwai babba da aka sani wanda yake tsaye a kai, malami ko sarki. Akwai lokacin farawa da lokacin tashi. Uban da ɗansa yake wasan ya san inda yake, ya san da wa yake tare.

Yanzu mu juya Kano mu ga ɗaya fuskar. Hoto mai motsi ya shigo mana ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce majigi. Motar hukuma ce take zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, a nuna fim a kan tsafta, ko noma, ko yaƙi da jahilci, mai fassara yana bayani da Hausa. Ba a biyan ko kwabo. Manya suna zaune, yara suna gaba. Dattawanmu da suka ga Baban Larai ta wannan hanya suka gan shi, kuma har yau da murmushi suke ba da labarin.

Ƙofa ta biyu ita ce sinima. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, harkar 'yan kasuwa ce, da dare ake yi, da kuɗi ake shiga. Tun daga nan sunanta ya haɗu da giya da shashanci a bakin mutanen birni. A ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka zo buɗe Palace a 1952, sinima ta farko a cikin ganuwa, a Jakara kusa da kasuwar Kurmi, da amincewar Sarki Abdullahi Bayero aka yi. Duk da haka jama'ar unguwa ba su yarda ba, har ta kai ga jifan masu zuwa kallo. Daga baya ginin ya koma asibiti.

Kun ga abin lura a nan? Na'urar iri ɗaya ce, haske ne a jikin ƙyalle. Wadda ta zo a fili, da amfani da kowa ya gane, aka shimfiɗa mata tabarma. Wadda ta zo a rufe, da dare, ba wanda ya san me ake yi a ciki, ko sa hannun sarki bai wanke ta ba.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne. To ga na jiya-jiya. A watan Yulin 2016 Gwamnatin Tarayya ta sanar za ta gina alƙaryar shirya fina-finai a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, aikin naira biliyan 3. A takarda akwai makarantar koyon sana'a, akwai aikin yi ga matasa. Amma mutane a labarai suka fara jin zancen. Malamai suka hau mumbari, Facebook ya ɗauki zafi, kafin wata ya ƙare an janye aikin. Ko kana goyon bayan alƙaryar ko kana adawa da ita, darasin ɗaya ne: kuɗi da ikon gwamnati ba su isa su dasa abu a garin da ba a tambayi mutanensa ba tun farko. Idan biliyan 3 ta faɗi a kan haka, ina ga mu da PlayStation biyu da faifan sola ɗaya?

To shi kansa gem ɗin, daga ina gasarsa ta faro? Abin da zai ba ku mamaki, a makaranta ta faro. A ranar 19 ga Oktoba 1972, ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka suka yi gasar wani wasa mai suna Spacewar. Kyautar wanda ya ci ita ce a riƙa aiko masa da mujallar Rolling Stone kyauta har shekara guda. A 1980 kamfanin Atari ya shirya gasar Space Invaders, sama da mutum 10,000 suka shiga. Amma ƙasar da ta mayar da abin sana'a ita ce Koriya ta Kudu. Bayan karyewar tattalin arzikin 1997, gwamnatinsu ta zuba kuɗi a intanet mai sauri, shagunan kwamfuta suka cika unguwanni, wasan StarCraft da ya fito a 1998 ya kama matasa. A 2000 aka kafa hukumar kula da gasar, KeSPA, da amincewar ma'aikatar al'adu, har tashar talabijin aka yi wadda aikinta nuna gasar.

Kada ku ɗauka iyayen Koriya tafi suka yi. Sun koka kamar yadda namu suke kokawa, yara ba sa barci, karatu yana lalacewa. A 2011 aka yi dokar da ta hana duk wanda bai kai shekara 16 ba buga gem ta intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Dokar ta yi shekara goma tana aiki kafin a yanke shawarar soke ta a 2021, aka bar wa iyaye ikon tsara wa 'ya'yansu lokaci. A Sin kuwa, a watan Agustan 2021 ƙara ɗaurewa aka yi: yaron da bai kai 18 ba awa uku kacal yake da ita a yawancin makonni. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta saka kamuwa da jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su, jerin ya fara aiki a 2022. Saboda haka idan Baba ya ce wannan abu yana cinye yaro, ba ƙauyanci yake yi ba. Ƙasashen da suka fi mu sanin gem sun faɗi haka, har doka suka yi a kai.

Shigarsa makaranta a matsayin wasa mai rajista kuwa bai daɗe ba. A 2014 Jami'ar Robert Morris, da take Chicago a lokacin, ta zama ta farko a Amurka da ta sa gem cikin sashen wasanninta, ta ba 'yan wasan League of Legends tallafin karatu kamar yadda ake ba 'yan ƙwallo. A 2018 ƙungiyar da ke tsara wasannin makarantun sakandaren Amurka, NFHS, ta haɗa gwiwa da kamfanin PlayVS aka fara gasa a hukumance. Abin da ya sa iyaye suka saki jiki shi ne an ɗora gem a kan tsarin da suka riga suka sani: koci, jadawalin atisaye, da sharaɗin cewa wanda makinsa ya faɗi ba zai buga wa makaranta ba. A Ingila, a 2020, aka fito da takardar shaidar karatu ta BTEC a wannan fanni, inda ake koyon shirya gasa, kasuwanci da watsa shiri.

Ga waɗanda za su ce ai wannan harkar Turawa ce, mu leƙa Saudiyya. A 2018 wani matashi ɗan ƙasar, Mosaad Aldossary, yana da shekara 18, ya ci kofin duniya na gem ɗin FIFA a Landan, ya tafi da dala 250,000. A 2024 Riyadh ta karɓi gasar duniya ta wasannin bidiyo, kuɗin kyaututtukanta ya haura dala miliyan 60. A wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou a 2023, lambar zinare aka bayar a kan gem kamar yadda ake bayarwa a guje-guje. Ban kawo wannan don in ce abin da Saudiyya ta yi hujja ce ta addini ba, wannan fagen malamai ne. Na kawo ne don mu san girman da abin ya kai.

Mu dawo gida. Gem ya shigo mana ne ta ƙofar sinima, ba ta ƙofar majigi ba. Daga zamanin Sega zuwa PlayStation 2, daga Winning Eleven zuwa PES da FIFA, a shago muka san shi, ɗaki a rufe, sai ka biya. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a wasu shagunan ana sa kuɗi, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, ba ta da wani suna. Akwai yaron da ya bar aji saboda gem, akwai wanda ya taɓa kuɗin cefane, akwai wanda la'asar da magariba suka wuce shi yana riƙe da hannun gem. Iyaye ba mafarkin waɗannan abubuwa suka yi ba, gani suka yi. Yanzu kuma abin ya bar shago ya koma aljihu: eFootball, Free Fire, PUBG, duk a waya. Rufe shago ba ya hana komai. Yaran suna bugawa, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana zaɓi a kai shi ne, a ɓoye za su ci gaba da yi, ko a gaban malami.

Kuma yankinmu ba baƙon kwamfuta ba ne. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa makarantar Informatics a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su fara wannan tunani ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a nan Kazaure. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka ba Babura a 2021. Tun 2015 kuma JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Amma har yau akwai ɗalibin da zai taso daga Amaryawa, ko Gora, ko Zugai, ranar jarrabawar ce ranar farko da zai zauna gaban kwamfuta shi kaɗai. Hannu yana rawa, lokaci yana tafiya. Wannan ita ce hujjar da uba zai saurara, ba labarin dala 250,000 ba.

To idan da gaske muke, me tarihin nan yake cewa mu yi?

Na farko, a fara da tambaya kafin sanarwa. Kuskuren Ƙofa ke nan. Kafin a buga fosta ko a saka komai a WhatsApp, a je wurin shugaban makaranta, shi zai faɗi yadda za a bi ta ofishin ilimi na shiyya. Sannan a zauna da ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin SBMC, wanda dama aikinsa ke nan, haɗa makaranta da mutanen gari. A je gaisuwa wurin dagaci da hakimi. A je wurin limamin Juma'a da malaman Islamiyya, a ce: Allah gafarta Malam, ga abin da muke tunani, ina inda kuke ganin matsala? A tafi da takarda da biro, abin da suka faɗa a rubuta. Kada a manta da iyaye mata. Su ne suka san yaron da ba ya barci da dare, kuma idan uwa ta ce a'a, magana ta ƙare.

Na biyu, dokokin su fito daga bakin masu tsoron abin, a rubuta su, a manna a bango. Babu sa kuɗi, ko na naira goma. Ana kiran salla ana kashe na'ura. Ba a taɓa lokacin darasi ko na Islamiyya. Wanda ba ya zuwa aji, ko sakamakonsa ya yi ƙasa, ya huta sai ya gyara. A tsaya a kan gem ɗin ƙwallon ƙafa da makamantansa, a bar na harbe-harbe da duk mai hoton da bai dace ba. Da damina, lokacin da ake buƙatar yara a gona, a rage ko a dakata. Idan malami ko uba ne ya kawo doka da kansa, shi zai fara kare shirin ranar da wani ya zo sukarsa.

Na uku, a yi shi irin na majigi. Da rana, ƙofa a buɗe, duk uban da ya ga dama ya shigo ya zauna. Wasan ƙarshe a yi shi ranar rabon sakamako ko ranar bikin ba da kyaututtuka, a gaban iyaye. Gani ya kori ji. Kyauta kuma ta zama littattafai, ko kuɗin rajistar jarrabawa da za a biya kai tsaye, kada a miƙa wa yaro tsabar kuɗi, don kar abin ya yi kama da wanda muke gudu.

Na huɗu, a haɗa shi da koyo na gaske. Duk awa ɗaya ta wasa, a sa awa ɗaya ta koyon buga rubutu a kwamfuta da gwajin jarrabawar JAMB. A raba aiki: wani ya tsara jadawalin gasa, wani ya riƙe lissafin maki, wani ya yi sharhi da Hausa kamar a rediyo, wani ya koyi haɗa sola da batir. Ɗaliban kwamfuta da ke karatu a Kazaure za su iya zuwa su taimaka idan an nemi izinin makarantarsu. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya, su ma JAMB ɗin nan suke rubutawa. A ware musu ranarsu, da malama mace, yadda iyayensu za su natsu.

Na biyar, kuɗi. Nan ne shirye-shiryen matasa da yawa suke mutuwa. Makarantar da take fama da ƙarancin kujeru da malamai, ba daidai ba ne a ɗauki kuɗinta a sayi gem, kuma duk wanda ya yi wannan ƙorafi yana da gaskiya. A nema daga tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar gari. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban kwamiti. Kayan su zama mallakar makaranta, a ajiye su a ofis, ba a ɗakin wani ba. Ɗan siyasa idan ya ba da gudummawa a gode masa, amma kada a manna hotonsa a jikin shirin, domin ranar da ya faɗi zaɓe shirin zai bi shi.

Abu na ƙarshe, kada mu yi wa iyaye alƙawarin da ba za mu cika ba. Cikin dubban masu buga gem, ƙalilan ne ƙwarai suke cin abinci da shi, kamar dai ƙwallo. Idan muka ce yaran Roni za su zama miloniya, ƙarya muka yi, kuma za a gane. Abin da za mu iya alƙawari kaɗan ne amma na gaske: yaro zai saba da kwamfuta, zai koyi a ci shi ya miƙa hannu ba tare da faɗa ba, zai sami dalilin zuwa makaranta ranar da ba ya jin zuwa, kuma ubansa zai san inda yake da yamma. A gwada a makaranta ɗaya, zango ɗaya. A ƙarshen zangon a kawo rajistar zuwa aji da sakamakon yaran da suka shiga, a ajiye gaban iyaye da malamai. Idan abin ya taimaka, su da kansu za su ce a ci gaba, makarantar gaba ma ta nema. Idan ya cutar, a tsaya, mu ma mu yarda da hukuncin. Faɗin wannan tun ranar farko shi zai sa a yarda da mu.

Fives ya shekara kusan ɗari a Arewa saboda ya shigo ta hannun malamai, a idon jama'a. Palace ta zo da izinin sarki amma ba ta sami unguwa ba. Wanda yake son ganin ɗaliban Roni sun kara da na Kazaure ko Gwiwa a gem, to aikinsa na farko ba sayen na'ura ba ne, zuwa zaure ne, ya cire takalmi, ya gaida manya, ya saurara.

Ku faɗa mana ra'ayinku, musamman malaman makaranta da iyayen da suke bibiyarmu: wace doka ce idan aka sa za ku bar ɗanku ko ƙaninku ya shiga? Wanda kuma yake ganin sam bai dace ba, shi ma muna son jin dalilinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gama lafiya.